Gilashin motar alfarma: kurakuran da ake yi tun daga tsakuwar farko

Wata Laraba cikin hunturu wani saurayi ya shigo garejinmu a Garwa da Porsche 911, baƙa wul, irin wadda idan ta wuce yaran unguwa ke barin ƙwallo su bi ta da ido. Tsaga ta taso daga ƙasan gilashin gaba ta wajen fasinja, ta yi kwana ta nufo gaban direba, tsawonta ya kai kamu guda.

Ya ce, "Baba, jibi Jumma'a ake ɗaurin auren yayana, kuma da ita za a ɗauko amarya. A taimaka a canza min shi gobe."

Na ce, "Ɗana, yaushe dutsen ya same ka?"

Sati uku ke nan, in ji shi, a bayan wata tirela wajen Ngong. Da farko ɗan tabo ne bai fi ƙwayar wake ba, shi ya sa ya ƙyale.

Waɗannan sati ukun su ne kuskuren farko, kuma shi ne mafi arha wajen gyara da an zo da wuri. Gilashin gaba falle biyu ne aka manne, da 'yar siririyar roba a tsakani wadda kaurinta bai cika milimita ɗaya ba (0.76 ne galibi). Tsakuwa takan fasa fallen waje ne kawai. Idan tabon bai fi tsabar sefa ɗari girma ba, ba ya bakin gilashi, ba ya kuma daidai idon direba ko gaban kyamara, ana ɗura masa wani ruwan danƙo mai garai-garai, a busar da fitila, a ci gaba da tafiya. Amma danƙon ba ya kama ƙura. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce abincinmu. Don haka da ka ji ƙas, ka samu wuri ka tsaya, ka liƙa farin salatef a kan tabon, ka nemi mai gyara cikin kwana ɗaya ko biyu. Supa gulu, jan farce, tafarnuwa, duk na ga an shafa. Abin da suke yi kawai shi ne toshe ramin yadda danƙon gaskiya ba zai shiga ba.

Zafi ne ke mayar da tabo tsaga. Mota ta wuni a ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa ma, ka shiga ka ƙure kilim, wato na'urar sanyaya mota, ka juya iskarsa kan gilashi: ciki na takurewa, waje na buɗewa, sai ka ga layi na tafiya a gabanka kamar ana zana shi da biro. Haka yaron wankin mota da ke sheƙa wa gilashi mai zafi ruwan randa. Ka sauke gilasan ƙofa tukuna zafi ya fita, ka kunna kilim kaɗan-kaɗan, iskar ta nufi ƙafa.

To, na saurayin nan ya wuce gyara, sai canji. Nan ne ake shiga kuskure mai tsada.

Mutum zai buga waya Duwala ko Dubai ya ce a turo masa "gilashin Porsche" ko "na Mercedes AMG", ya faɗi shekara, shi ke nan. Alhali mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun gilashi kala biyar ko fiye. Wani yana da mazaunin kyamara, wani babu. Wani yana da gurbin na'urar da ke jin ruwan sama ta tada waifa. Wani eriyar rediyo na cikinsa. Wani an yi shi don rage ƙarar iska. Wanda ya fi ba mutane ciwon kai shi ne na motar da ke haska lambar gudu a jikin gilashi: robar tsakiyarsa ta fi kauri a sama, kuma idan ka sa wanda ba shi ba za ka riƙa ganin lamba biyu-biyu kamar mai jiri. Motocin da ke zuwa mana kuma ba daga ƙasa ɗaya suke ba. Wata an yi ta don Amurka, wata don Turai, wata don ƙasashen Larabawa.

Maganin wannan bai fi minti biyar ba. Ka kwafi lambar shasi, harufa da lambobi 17, daga takardar mota, ka gwada ta da wadda ke jikin motar. Ka ɗauki hoton tambarin da ke kusurwar tsohon gilashi, da hoton bayan madubin tsakiya inda na'urori suke. Da waɗannan za a yi oda. Idan sabon ya iso, ka duba nasa tambarin: akwai harafin E da lamba cikin da'ira (E1 Jamus ce ta amince da shi, E2 Faransa, E6 Beljiyam), da 43R, wato lambar ƙa'idar ingancin gilashin mota, ko AS1 idan na tsarin Amurka ne. Kamfanonin mota ba su ke narka gilashinsu ba. Irin su Saint-Gobain Sekurit, Pilkington, AGC da Fuyao ke yi musu. Saboda haka rashin tambarin Porsche a jiki ba shi ne ke nuna jabu ba. Sai dai ni a motar da ke da kyamara, na fi kwanciyar hankali da na asali, ko da kuɗinsa zai sa mai mota ya yi tsaki.

Hanya kuma ta kashe gilashi da yawa tun bai ga motarsa ba. Daga Duwala zuwa Ngaundere, a gangaro dutse zuwa Garwa, wani har Marwa da Kuseri a tsallaka Njamena, tafiya ce mai girgiza. Gilashi a tsaye yake tafiya, cikin akwatin katako, da soso a gefuna. Wanda aka kwantar a kan motar haya aka ɗora masa buhun albasa, ko ya iso lafiya ka yi masa kallon mara lafiya. Ka buɗe akwatin a gaban wanda ya kawo, ka bi gefunan da yatsa. Ɗan ɓantare a baki yau, tsaga ne wata mai zuwa. Kuma kada a taɓa tsohon gilashi sai an ɗora sabon a kansa an ga sun yi daidai. Na san mota da ta yi wata biyu a rufe da tamfol saboda an cire kafin a gwada.

Wajen cirewa, hannun da ya saba da tsohuwar Peugeot 504 yakan yi ɓarna. A da roba ce ke riƙe da gilashi, igiya muke zagayawa mu ja, ya zauna. Na yanzu manne yake da jikin mota, sai an yanka gam ɗin. Masu gaggawa sukan sa wuƙa da sukundireba su yi ta ɓanɓara, su kankare fenti har ƙarfe ya fito, su yage fatar dashbod wadda kuɗinta ya fi na gilashin. Waya ko zaren yanka ake zagayawa, a rufe dashbod da bonet da bargo, a ja a hankali. Tsohon gam ba a kankare shi kaf. Ana barin kamar milimita ɗaya zuwa biyu, domin sabo ya fi kama ɗan'uwansa. Duk inda fenti ya karce a shafa masa baƙin ruwan share fage, wato firaima, kafin a ci gaba. In ba haka ba, damina biyu ta isa tsatsa ta ci ƙarƙashin gam, ruwa ya fara ɗiga kan na'urorin da ke bayan dashbod.

Yanzu ga maganar gam, wadda a kanta na fi yin faɗa da yarana.

Silikon na kanti, wanda ake liƙa tagar gida da shi, ba gam ɗin mota ba ne. Yana tare ruwa, shi ya sa yake ruɗar mutane, amma ba ya ɗaukar nauyi. Gilashin gaba yana cikin abin da ke tokare rufin mota idan ta wuntsila, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja da shi take dogara idan ta fashe. Gilashin da aka liƙa da silikon ficewa zai yi, jakar ta bi shi waje, fasinja ya ci dashbod. A motar da ke iya wuce kilomita 250 a awa, wannan ba wurin neman rangwame ba ne. Gam ɗin da ake so shi ne foliyuretan na gilashin mota, irin na Sika, Teroson ko Betaseal, da firaimarsa ta kamfani ɗaya, ba a gauraya. Ka karɓi kwalin da hannunka ka karanta ranar ƙarewarsa. Wanda ya shekara a shagon kwano yana shan zafin Marwa ya riga ya fara daskarewa a ciki.

Akwai abin da takardar gam ba ta faɗa mana dalla-dalla. Wannan gam da danshin iska yake nuna. A watan Agusta, Binuwai ta cika, iska na da ruwa, yakan kama da wuri. A hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke fashewa, iska ba ta da abin da za ta ba shi, sai ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka rubuta. Idan kwali ya ce awa ɗaya, ni a Janairu sai mota ta kwana a wurina, kuma nakan yayyafa ruwa a ƙasan gareji, ya kwantar da ƙura ya ƙara danshi. A bazara matsalar takan juye: zafi na sa bayan gam ya yi fata cikin 'yan mintuna, don haka da an zagaya shi sai a ɗora gilashi nan take, mutum biyu, sau ɗaya, ba ɗagawa a sake gyarawa. Aikin sassafe ne, a cikin inuwa, ƙofar gareji a rufe. Wurin da za a shafa gam kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara, gumi kaɗai ya isa ya hana shi kamawa.

Bayan an gama, a bar gilashin ƙofa a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a kai ta wanki mai feshin inji sai bayan kwana biyu, a kuma guji hanya mai gargada. Waifa ma a canza. Tsohuwar da ta sha yashi za ta zana wa sabon gilashi baka a sati guda.

Sai kyamara. Da yawa ba su ma san akwai sauran aiki ba, tunda motar ta tashi kuma babu fitilar da ta kama. Kyamarar da ke bayan madubi ita ke ganin layin titi, a wasu motocin har da taka birki idan ta hango abu a gaba. Sabon gilashi ba zai zauna daidai inda tsoho ya zauna ba ko da gwani ne ya sa. Karkatar digiri ɗaya tak, a nisan mita 100, ta kai kusan mita biyu. Mai babur da ke gefen hanya sai ta gan shi a gabanka. Dole a sake saita ta da kwamfuta: PIWIS ta Porsche, XENTRY ta Mercedes, ISTA ta BMW, ko wata babbar na'ura da ta san motar. Wasu motocin ana saita su a tsaye, a daɓe mai daidaito, da allo a gaba. Wasu sai an tuƙa su a titi mai farin layi a bayyane, abin da ba kowace kwalta tamu ke da shi ba. Ka tambayi mai aikin tun kafin a yanka gam: wa zai saita, a ina, da wace na'ura? Idan ya ce ai ba ta buƙata, ka ɗauki makullinka. In kuma sai an kai ta kudu, ka kashe birkin kai-da-kai da na'urar bin layi har a kai.

Gilashin ƙofa da na baya galibi gasasshe ne, falle ɗaya, idan ya fashe sai ya zube kamar tsakin masara. Ba a yanka shi, ba a huda shi, don haka wanda ya ce zai yanko maka madadinsa, gilashin gida zai ba ka, mai fashewa kamar wuƙaƙe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin tsakin cikin ƙofa. Yana toshe ramukan fitar ruwa, yana karce sabon gilashi, yana cin wayar injin ɗagawa. A zuƙe shi tas, a mayar da ledar cikin ƙofa yadda take. Motocin tsere kuma yawancinsu ƙofarsu ba ta da firam: gilashin kan ɗan sauka da kansa idan ka buɗe, ya koma idan ka rufe. Idan an cire batir yakan manta iyakarsa, sai a ɗaga shi har ƙarshe a riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi, yadda littafin motar ya nuna. Wanda ya manta wannan ya buga ƙofa, gilashin zai daki bakin rufi, a koma gidan jiya.

Inshorar dole da muke yi a Kamaru da Chadi ta wanda ka yi wa ɓarna ce, ba ta biyan gilashinka. Akwai ƙari na musamman don fashewar gilashi. In kana da shi, ka ɗauki hoto ka sanar da su kafin a taɓa komai.

Saurayin nan dai bai ji daɗina ba ranar. Da yamma mahaifinsa ya kira ni da kansa.

"Malam, yaro ya ce ka ƙi aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, gilashin da zan samu gobe ba nata ba ne. In na sa, amarya ce za ta zauna a bayansa."

Ya yi shiru, sannan ya ce a yi oda. A Land Cruiser ɗinsa aka ɗauko amarya. Gilashin ya iso bayan sati uku a cikin akwati, muka sa shi bayan sallar asuba, motar ta kwana biyu a gareji, yaron na zuwa safe da yamma yana leƙa ta ta taga.