Yadda fursuna zai nemi bayanan babban juri a Amurka

Na sha taya fursunoni rubuta wannan buƙata, kuma kuskurensu ɗaya ne: sai su tafi kotun ɗaukaka ƙara kai tsaye. A'a. In shari'arka ta tarayya ce, fara da kotun tarayya ta gundumar da babban jurin ya zauna, wato kwamitin mutum 16 zuwa 23 da ya amince a tuhume ka.

Doka ta 6(e) ta shari'ar laifuka ta tarayya ta sa zaman nasu sirri ne. A hukuncin shari'ar Douglas Oil na 1979, Kotun Ƙoli ta ce sai ka nuna takamaiman buƙata. Kar ka ce "ina son in ga komai", alƙali zai ɗauka lalube kake yi. Faɗi shaidar wa kake so, da inda maganarsa ta saɓa da abin da ya faɗa ranar shari'a. Dokar 'yancin samun bayanai kuwa ba ta hawa kan kotuna.

In an ƙi, shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara cikin kwana 14, shi ya fi aminci. Ranar da ka miƙa sanarwar ga jami'an gidan yari ita ake ɗauka a matsayin ranar da ka shigar da ita. Can sama ba sabon sauraro za a yi ba, za su duba ne kawai ko alƙalin ya wuce gona da iri.