Cire Tsatsa Daga Kalifar Birkin Fijo 504

Fijo 504 da babana ya bar mini ta yi damina biyu a ajiye, birkin gaba ya kame. Ga yadda na gyara.

Kwance kalifar, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ka turo fistin da ke cikinta waje da iskar famfo, amma tare shi da katako kada ya murƙushe maka yatsa. Goge bayan kalifar da buroshin waya. Cikin ramin da fistin ke shiga kuwa sai a hankali, da sanfefa mai laushi jiƙe da man birki, musamman gurbin da robar da ke hana mai yoyo ke zama. Fistin da tsatsa ta ci har ya yi rami, ban yarda a mayar da shi ba. Kada fetur ya taɓa roba, kumbura take yi. Sa sababbin robobi, ka fitar da iskar birki. Man birki na jan danshi, shi ya sa nake sauya shi duk shekara 2.