Daga aikin walwala zuwa kujerar kansila: yadda ake bi

Wanda ya daɗe yana aikin walwala da jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma, ko a ƙungiyar tallafa wa marayu, ya san mazaɓarsa ciki da bai. Ya san gidan da ba a ɗora tukunya sai dare, ya san yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata talla. Shi ya sa ake yawan ce masa ya fito kansila. Amma farin jini a unguwa ba shi ke ba da tikiti ba, kuma a nan mutanen kirki da yawa suke faɗuwa.

Fara da jam'iyya, domin tsarin mulkin 1999 bai ba da damar tsayawa takara ba tare da ita ba. Yanki kati a mazaɓarka da wuri, shekara ɗaya ko biyu kafin zaɓe, ka riƙa halartar taro. Ka san shugaban jam'iyya na mazaɓa, da sakatare, da shugabar mata, da shugaban matasa, su ma su san ka. Ana fitar da ɗan takara ta hanyar ƙato-bayan-ƙato, ko daliget, ko maslaha, kuma a matakin kansila maslaha ce ta fi yawa. Dattawan jam'iyya ne za su shiga ɗaki su fito da suna. Idan babu mai ambaton naka a cikin ɗakin, taron da ke ƙofar gidanka ba zai yi maka komai ba.

Duba katin zaɓenka. Idan a wata mazaɓa ka yi rajista, nemi INEC ta mayar da shi lokacin da aka buɗe rajista. Zaɓen kansa hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kamar KANSIEC a Kano, ban da Abuja inda INEC ke yi. Saboda haka shekarun ɗan takara, kuɗin fom da wa'adin kujera duk suna cikin dokar jiharku. Nemi kwafinta ka karanta da kanka, kada ka dogara da "an ce".

Takardu su zama a jere tun kafin a buga gangar siyasa: shaidar kammala sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwa, takardar asali, da shaidar biyan haraji. Sunanka ya zo iri ɗaya a cikinsu duka. Muhammad a nan, Mamman a can, ya ishi abokin hamayya ya rubuta ƙorafi. A Kano har gwajin ƙwaya na NDLEA ake yi wa 'yan takara.

Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, ajiye aiki dole ne. Ga mai neman majalisar jiha, tsarin mulki ya ce kwana 30 kafin zaɓe. Na kansila kuwa duba dokar jiha. Rubuta takarda ta hannun shugaban sashenka, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Idan albashi ya shigo bayan nan, mayar da shi ka adana rasit. Kuma ka lissafa shekarun aikinka da fanshonka tukuna, don kujerar kansila ta 'yan shekaru ce.

Akwai abin da ba a taɓawa ko kusa: sirrin mutanen da ka yi wa aiki. Matar da ka sasanta da mijinta, ko gidan da ka kai wa tallafi a ɓoye, ba kayan kamfe ba ne. Jerin sunayen masu karɓar tallafi ma amanar ofis ce. Ranar da ka mayar da shi rajistar magoya baya, ka zubar da yardar da ta sa aka ce ka fito. Ka gaida mai unguwa da dagaci da liman, ka nemi addu'a, amma kada ka ja su cikin jam'iyya.

Bayan rantsuwa wata jarabawar take farawa. Tun da asuba ƙofar gida za ta cika: mai takardar asibiti, mai suna gobe, mai kuɗin makaranta. Wanda ya saba tausayi yakan raba albashinsa kafin goma ga wata, ya ci bashi, sannan ya fara ɓuya, a ce ya canza. Maganin wannan yana cikin tsohon aikinka. Ware rana ɗaya a mako ta sauraron jama'a, da littafi: suna, unguwa, matsala, inda aka tura, abin da ya biyo baya. Bayan wata uku littafin zai nuna maka cewa koke ashirin rijiyar burtsatse ɗaya ce da ta lalace, ko asibitin sha-ka-tafi da babu ungozoma.

Wannan shi za ka kai zauren majalisa a rubuce, kafin a kammala kasafin kuɗi. Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu da gidajen gajiyayyu, tare da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi. Don haka ka tambayi nawa ya shigo kowane wata, ka nemi a rubuta tambayarka da amsar ciyaman a cikin bayanan zama, ka riƙe kwafi.