Kurakuran da ƙungiyoyin gama kai ke tafkawa wajen neman tallafin ƙaramar hukuma

Makon jiya wasu samari masu walda daga Pantami suka same ni a shago da wasiƙa a hannu. So suke in duba musu kafin su kai ofishin ciyaman. Na karanta, ba abin da ke ciki sai "muna neman tallafin kuɗi don dogaro da kai". Na ce musu wata nawa kuka yi kuna aiki tare? Suka ce ai sai tallafin ya zo za su fara. Ina littafin zubi? Babu. Su ne na huɗu da suka zo min da irin wannan bana, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ni tela ne a nan Gombe, kuma sakataren ƙungiyarmu ta gama kai, abin da mutane ke kira kofaretib. Mu ne masu ɗinkin, mu ne masu kekunan, ba mu da maigida. Abin da zan faɗa hanyarmu ce, wani yana iya samun wadda ta fi.

Kuskuren samarin nan shi ne uwar sauran: a haɗa ƙungiya don an ji ƙishin-ƙishin za a raba wani abu. Mun ga haka da idonmu lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a 2015. Ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawar damina, da rabo ya ƙare da yawansu ko taro ɗaya ba su sake yi ba. Jami'in da ke karɓar takardunku ya ga irinku ɗari, daga tambaya biyu yake gane ku. Mutum 28 da suka kafa ƙungiyar gama kai ta garin Rochdale a Ingila a 1844, wadda ake koyi da ita har yau, fam ɗaya-ɗaya suka tara da guminsu kafin su buɗe ɗan kanti. Ni dai nakan ce a yi wata shida ana zubi duk mako, ana karɓar aiki tare, ana rubutawa, sannan a doshi sakatariya.

Sai batun rajista. Takardar shaida da sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma ke bai wa ƙungiyoyin unguwa tana da amfaninta, amma ba ita ce rajistar gama kai ba. Rajistar sunan kasuwanci ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma daban ce. Taku tana hannun Daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha. Dokar tarayya ta 1993 ta ce aƙalla mutum 10, in kuwa ƙungiyar masu sana'ar ƙere-ƙere ce mutum 6 sun isa. Ta hana mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na hannun jari, ta ce kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma a ware rubu'in ribar shekara a ajiye. Ku sa waɗannan cikin dokokinku tun ranar farko, kafin kuɗi ya shigo a fara kallon juna.

Yanzu ga wanda ya ci mu, wanda har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Muna shekara ta biyu wani kansila ya ce zai taimake mu. Ya samo mana kekunan ɗinki shida da injin aiki ɗaya daga wata ƙaramar hukuma, da shago a bakin kasuwa. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi hoto, muka yi ta "ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma". Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ƙanensa ya zama shugaban ƙungiya. Yaron ko zare bai iya sawa a allura ba. Dattijon cikinmu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan abu bai kwanta min ba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, suna ne kawai." Ni na lallashe shi. Ba mu nemi takardar miƙa kaya ba, ba mu tambayi da sunan wa aka rubuta shagon ba. Kunya ta hana mu, wai kar a ce mun raina alheri.

Da wa'adin su kansila ya ƙare, wata safiya muka zo muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta taga, ga hijaban wata islamiyya da muka yanka jiya a kan tebur, almakashina na kansu, tef ɗina na rataye a ƙusa. Yaron ya ce kekuna kyautar yayansa ce gare shi, shago kuma da sunansa yake. Muka je wurin mai unguwa, muka je sakatariya. Ko'ina tambaya ɗaya: ina takardarku? Hoto muka nuna, aka ce hoto ba shaida ba ne. Da ƙyar muka karɓo yadin mutane, rabi ya ɓata, muka biya daga aljihunmu. Baba kuwa ya riga ya sayar da tsohon kekensa ya zuba kuɗin a matsayin hannun jari, don ya ga an samu sababbi. Wata uku yana zaune a gida ba sana'a, da iyali a kansa. Bai taɓa ce min "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

To ku saurara da kyau, musamman ku matasa masu rawar jiki in kun ga babbar riga. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk abin da aka ba ku, ko guduma ce, a rubuta: sunan ƙungiya yadda yake a satifiket, irin kayan, lambar da ke jikin inji, kyauta ce ko bashi. Sa hannun ɗan siyasa kaɗai bai isa ba, ku tabbata ma'aikacin dindindin na sashen ya sa hannu ya buga hatimi, an kuma saka kwafi a fayil. Ciyaman na tafiya, kansila na tafiya, fayil na nan. Mu kwafi uku muke yi, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurina, ɗaya wurin jami'in gama kai. Wanda kuma ba ya aiki da hannunsa a cikinku kar ya riƙe muƙami. In dole sai kun girmama wani, ku kira shi uban ƙungiya, ba ƙuri'a, ba sa hannu a banki. Kuma kar ku yarda a maida ƙungiyarku reshen jam'iyya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ranar da gwamnati ta canja kuma da ku za a fara.

Wani babban kuskuren shi ne roƙon tsabar kuɗi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, mutane suka ɗauka kuɗi na zube a sakatariya. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na gabanku a layi. Ku duba abin da tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, da hannu a harkar firamare. A nan ƙarfinta yake. Ku nemi rumfa a kasuwa, ku nemi fili, ku nemi aiki. Masu walda su ce a ba su gyaran ƙofofi da tagogin aji biyu a gwada su. Kafintoci su nemi benci. Mu da ɗinkin labule da rigunan ma'aikatan wani ƙaramin asibiti muka farfaɗo. Ciyaman ya fi saurin sa hannu a kan abin da dama zai saya, ga shi kuma zai nuna wa jama'a. Sai dai ku kai takarda kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafi, ku kuma ƙayyade yadda za a biya ku, don aikin hukuma kan jinkirta biya. Kar ku zuba duk jarinku a kwangila ɗaya.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe ƙungiya a hankali. Asusun banki da sunan ma'aji maimakon na ƙungiya. Cakuɗa ladan aiki da riba: lada na wanda ya yi aikin ne a biya shi a makon, riba sai ƙarshen shekara. Ɗaukar bashin Bankin Manoma ko Bankin Masana'antu a matsayin rabon gwamnati. Barin yaran shago su shekara biyar ba a buɗe musu ƙofar zama membobi ba, wanda ya maida ku iyayen gida da sabon suna. Taro ba rubutu.

Samarin Pantami na mayar musu da wasiƙarsu, na ba su sabon littafi mai layi daga cikin namu. Na raba musu shafin farko gida huɗu: suna, zubi, aikin da ya shigo, abin da aka kashe. Mun yi da su za su dawo bayan wata shida da littafin a cike, in raka su ofishin Darakta da kaina.