Yadda za ka gwada tunanin yaro a gida kamar yadda Piaget ya yi

Jean Piaget masanin yadda tunanin yara ke girma ne, ɗan ƙasar Suwizalan, an haife shi a garin Neuchâtel a 1896 ya rasu a 1980, kuma asalin karatunsa ma na dabbobi ne, su dodon koɗi ya yi ta bincike a kai har ya samu digirin digirgir a 1918. Sai da ya je Paris yana taya wani likita Bafaranshe mai suna Théodore Simon aikin gwajin basirar yara sannan ya lura cewa yara sa'o'in juna kuskurensu iri ɗaya ne, shi ke nan ya koma bin diddigin amsar da ba daidai ba. 'Ya'yansa uku ma bai ƙyale su ba, tun suna jarirai yake rubuta duk motsinsu.

In jariri gare ka ɗan wata biyar haka, ɗauki abin wasan da yake so ka rufe da tsumma yana kallo. Yawanci zai kau da kai kawai, abin da bai gani ba a wajensa babu shi. Bari ya kai wata takwas ko tara ka sake, za ka ga ya miƙa hannu ya yaye tsumman.

Amma gwajin da ya fi burge ni shi ne na ruwa, da ɗan shekara huɗu ko biyar ake yi. Samo kofi biyu iri ɗaya ka zuba ruwa daidai, ka tabbatar shi da bakinsa ya ce daidai suke, kar ka tsallake wannan don Allah. Sai ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban idonsa ka ce "wanne ya fi yawa, ko daidai suke?" Yawanci dogon zai nuna. To a nan iyaye suke ɓata aikin, dariya ko gyara nan take. Yi shiru, ka ce "me ya sa?" ka saurara. Idonsa na kan tsayin ruwan ne kaɗai, bai haɗa da faɗin kofin ba, kuma bai iya mayar da ruwan baya a ransa ba tukuna. Wajen shekara bakwai sai ka ji ya ce "ai ba ka ƙara ba, ba ka rage ba".

Kar ka riƙe shekarun nan kamar doka, wani yana riga wani. Masu bincike daga baya ma sun nuna cewa in ka maimaita tambaya sau biyu yaro kan ɗauka amsarsa ta farko ce ba daidai ba sai ya canza, saboda haka wata rana ka gwada juye ruwan tukuna ka yi tambayar sau ɗaya tak.