Yadda ake ɗaukar hoton mota a cikin garin Kano ya fito da kyau

Yawancin masu koyo da suke turo min hotunansu matsalarsu ɗaya ce, da tsakar rana suke fita. Mota ce mai kyau an wanke ta tas, amma a hoto sai ka ga saman bonet ya yi fari fat, ƙasanta kuma baƙi ƙirin ko taya ba a gani.

To abu na farko, ka sa a ranka jikin mota madubi ne. Duk abin da ke kewaye da ita sai ya fito a jikinta, rana, falwaya, allon talla, adaidaita sahu mai wucewa, har kai kanka. Shi ya sa lokaci biyu kawai nake fita, da sassafe daga fitowar rana zuwa wajen 8, ko bayan la'asar sakaliya zuwa kiran magariba. Lokacin hunturu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana tausasa haske sosai, ni na fi son hoton lokacin, sai dai ka riƙe tsumma mai laushi don ƙura ba ta minti goma ta sake kwanciya a jikin mota.

A wannan batu na madubi ne na sha wahala a farko. Wani abokina ya ba ni baƙar Camry ɗinsa, muka tafi Bompai ran Lahadi na yi ta ɗauka kusan awa biyu, sai da na dawo gida na buɗe a kwamfuta na ga farar shaddata ta fito ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa a kusan kowane hoto. Abin ya dame ni ƙwarai don shi ma ya ɓata lokacinsa. Tun daga ranar kaya masu duhu nake sawa, kuma kafin in danna sai na bi jikin motar da ido daga fitilar gaba har but. In ka ga wani abu ya fito a ƙofa kada ka ce za ka goge a editin, matsa taku biyu gefe ko a ɗan juya motar. Mai kyamara ya nemi filtar CPL, wato gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara don rage ƙyalli, kana murza ta kana ganin ƙyallin gilashi yana ɓacewa. Ba sai mai tsada ba, ta hannu ma ta isa.

Sai tsayuwa. Kada ka ɗauka a tsaye, durƙusa har kyamara ta zo daidai fitilar mota, ka tsaya ta kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare. A murza sitiyari fuskar wilin gaba ta kalle ka. In da waya kake, bar 1x ɗin nan, yana kumbura hancin mota, ja baya ka sa zum a 2x ko 3x.

Wuri kuma nemi bango mara hayaniya. Jar ƙasar badala ta titin BUK tana amsar farar mota sosai, layukan Nasarawa GRA akwai inuwar bishiyoyi, gadar Dangi kuma sai fitilu sun kama. Kada ka tare hanya, kuma ka nisanci bariki da gidan gwamnati da kyamara.

In motar wani ce ka gani a fake, yi sallama ka nemi izini, "Alhaji don Allah zan ɗan ɗauki hoton motar nan", yawanci ba sa hanawa. Ka rufe lambar kafin ka ɗora a Instagram.

Mota mai tafiya, sa shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, a 1/60 na daƙiƙa ka bi ta da kyamara, cikin hoto ashirin za ka samu ɗaya ko biyu masu kyau. Editin kuma manhajar Snapseed ta wadatar, rage haske, ɗaga inuwa kaɗan, kalar motar ka bar ta yadda take.