Ruwan da kake gani a infiraruj, na gishirin ne ko na iskar Maradi?

Ƴan uwa masu aikin shimi, wato kimiyyar sinadarai, musamman ku da ke auna gishirin iraniyom irin nitrat ɗin uranil, ku saurara. Iraniyom dai namu ne, daga Arlit ake haƙo shi, ya kamata mu iya auna shi da kyau. Amma wallahi yawancin ruwan da ɗalibai ke nuna mini a zanensu na infiraruj, wato awon da ake yi da haske don gane abin da ke cikin samfur, ba daga gishirin ya fito ba.

Babban mai laifi KBr ne, gishirin potasiyom da ake gauraya samfur da shi a danna su zama ƙwaya kafin awo. Hodar nan tana shan laimar iska kamar gari. Ni da kaina na taɓa yin sati guda cikin damina ina gasa samfur, tudun nan mai faɗi na wajen 3400 cm⁻¹ a zanen, wanda ke nuna ruwa, ya ƙi sauka, ashe kwalbar KBr ce aka bari a buɗe kan tebur. Ka busar da hodar a tanda wajen digiri 110 ta kwana, ka ajiye a desikatar, wato mazubin da ke hana laima shiga, sannan ka fara danna ƙwayar KBr zalla ka auna kafin ka sa komai ciki. Kuma abin da ka auna a Agusta da wanda ka auna da hunturu ba za su zo ɗaya ba, don haka rubuta ranar.

Ko busasshiyar ma tana da nata sharrin, in ka niƙa nitrat da ita da ƙarfi sai su yi musayar ion, ka ga wani siririn tudu a 1384 ka ɗauka sabon abu ka gano, alhali nitrat ne ya saki iraniyom ya koma wajen potasiyom. Gara ka kwaɓa samfurin da man Nujol a madadin KBr, sai dai ka san nashi tuddan, wajen 2920 da 1460 da 1377.

Sai gaggawar wuta. Nitrat ɗin uranil mai ƙwayar ruwa 6 a kiristal ɗinsa yana narkewa cikin ruwan kansa tun wajen digiri 60, ka ɗora shi kan zafi kai tsaye sai ya zama kunu. Ruwan nan shida kuma ba matsayinsu ɗaya ba, biyu suna riƙe da iraniyom ɗin, huɗu suna zaune ne kawai a tsakanin kiristal, su ke fara fita. Waɗancan biyun kuwa in ka matsa musu da wuta nitrat ɗin ma zai fara rushewa, hayaƙi mai ruwan ƙasa ya tashi, ka wayi gari da UO3, wato oksid ɗin iraniyom, a hannu. Bi a hankali, kana awon nauyi a kowane mataki.

Kar ka tsaya kan 3400 kaɗai. Duba 1630 inda lanƙwasar ƙwayar ruwa ke bayyana, duba na uranil tsakanin 900 da 950 ko ya gusa.

Samfur ya fito daga tanda, desikatar kai tsaye, ba kan benci ba kana amsa waya. Niƙa kuma a ƙarƙashin hot, wato akwatin da ke zuƙe ƙura da hayaƙi, da safar hannu, ƙurar nan tana lalata ƙoda, ragowar ƙwayoyin a zuba su cikin kwalbarsu daban mai lakabi.